Ƙyallen Uwar Irmiya

Briskila ta yafe wa Irmiya ba tare da ta tambaye shi me zai yi da yafiyar ba. Daga nan komai ya lalace.

Ranar Juma'a ta sauka daga jirgin ƙasa na metro a Batha, cikin birnin Riyad, da jakar Gana-mas-go a hannu, ta miƙe zuwa unguwar Ulaisha. Juma'a ɗaya take samu a wata daga gidan Balarabiyar da take yi wa aiki. A wani ɗaki a hawa na uku suke taruwa, Kiristoci goma sha biyu, yawancinsu mutanen Malumfashi da Kafur. Ba ganga, ba tafi, labule a sauke, waƙa iyakarta maƙogwaro.

Mayafin aurenta ne a jakar. A gidansu haka ake yi tun kakanni: in an sa ranar yarinya, kowace mace a dangi ta yanko ƙyalle daga zaninta, uwar ango ta ba da nata a sa a tsakiya, amarya ta haɗa da allura da hannunta. Shekara tara da suka wuce ta kai rabi, Irmiya ya fasa, ya auri Tabita 'yar fasto. Briskila ta ninke abinta, daga baya ta taho Riyad da shi a ƙasan akwati.

Watan jiya sai ga shi a wajen addu'a, bai daɗe da zuwa Riyad ba, ya zama direban tankar ruwa, ya rame, ya yi furfura. Ya durƙusa gaban mutane yana kuka. Ta ce ta yafe. Ya ce, "Wata mai zuwa akwai maganar da za mu ƙarasa gaban Baba Maiwada. In mayafin nan yana nan, ki zo da shi."

Ita kuwa ta riga ta ji daga gida cewa Tabita ta shekara a gidan iyayenta. Sauran lissafin ita ta yi wa kanta. Kullum in Madam, uwar ɗakinta, ta kwanta barcin rana sai ta shige ɗakin wanki da allura. Da ƙyalle ya ƙare, ta ɗauko zanen zumuntar matan coci na marigayiya uwarta, shi kaɗai ta gada, ta tsaga shi gida huɗu ta yi wa mayafin baki. Kwantiraginta ya zo ƙarshe, ta ce ba za ta sabunta ba, aure za ta yi, ai Irmiya ya ce da Kirsimeti zai koma gida. Madam ta ce, "Halas," wato shi ke nan, aka buga wa Briskila huruj, takardar fita ta ba dawowa. Jirginta Talata.

Da aka shafa addu'a, Baba Maiwada, dattijon da ke jan su, ya ce kowa ya dakata. Briskila ta baza mayafin a kan kafet. Mata suka yi ta shafa shi.

"Wannan ɗinki, ɗiyata!" in ji Baba Maiwada. "Ko tela ya ji kunya."

Irmiya bai ko kalle shi ba, waya yake dannawa. Ya jingina ta da kofin shayi. Fuskar uwarsa ta cika allon, a bayanta Tabita na zaune a kan tabarma, ta rufe kai, ashe ta dawo ɗakinta.

"Briskila 'yata," tsohuwar ta ce da ƙarfi, "kin yi ƙiba! Larabawa na ba ki shinkafa."

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya ba lau ba. Yarinyar nan cikinta huɗu yana zubewa. Mun yi asibiti, mun yi azumi. Ni na ce haƙƙinki ne. Yanzu ga na biyar, wata uku. Ki faɗa da bakinki ta ji, kin yafe."

Briskila ta dubi Irmiya. Yana kallon ƙafarsa.

"Maganar ke nan?" ta ce.

"Ita ce," ya ce. "Wace kike tsammani?"

Wata mata ta ja numfashi. Baba Maiwada ya dubi mayafin, ya dubi bakin zanen zumuntar, ya gane, amma ya zaɓi abin da ya fi sauƙi.

"Bakwai har sau saba'in aka ce mana mu yafe, ɗiyata. Faɗi."

"Na yafe."

"Ba ta ji ba," in ji tsohuwar. "Waya na yankewa."

"Na yafe, Tabita."

"Madalla. Saura ƙyallena. Shuɗin nan mai tsuntsaye da na ba ki. Muddin yana cikin mayafinki, kamar ɗana yana hannunki ne. A cire a dawo mini da shi."

"Inna, shi ne tsakiya. In an cire shi..."

"To me za ki yi da mayafin? Wa za ki lulluɓe da shi?"

Irmiya ya sa hannu a aljihu ya fito da sabuwar reza a takardarta. Da ita ya zo. Briskila ta karɓa. Ɗinkin na da ne, na lokacin da take da shekara ashirin da uku, ƙanana ƙanana, a matse, zare biyu biyu. Ya ƙi warwaruwa. Sai da ta yanka ta cikin ƙyallen gwaggonta da na yayarta kafin ya fita. Tsohuwar na ta tambaya ko an gama.

"Sai dai yadda zai isa gida," Irmiya ya ce yana juya ƙyallen. "Ni an ƙara mini shekara biyu, ba zan samu zuwa Kirsimeti ba."

Matar da ke kusa da Briskila, ba da mugunta ba, ta ce, "Ai Briskila Talata za ta tafi. An buga mata huruj."

Fuskar Irmiya ta washe.

"Kin ga aikin Ubangiji! Inna, ita za ta kawo miki da kanta."

Ta kai kuwa. Ranar Alhamis ta sauka a tashar Malumfashi, ba aiki, ba hanyar komawa, ta hau acaba zuwa gidansu Irmiya. Tsohuwar ta karɓi ƙyallen a zaure, ta ɗaga shi a rana, ta ce an yanke shi a karkace. Ba ta ce mata ta shigo ba, don kada Tabita ta gan ta gabanta ya faɗi.