Babur ɗin Gandu Ya Koyi Harbi

Babur ɗin da marigayi Malam Chindo ya bar wa ƴaƴansa biyu a Gangara tsoho ne, amma mai ladabi. Ilyasu, babban, ya san halinsa tun uban na raye: ka ɗora ƙafa a kan kik, ka danna rabi a hankali, sai ya yi ɗan tari ya tashi. Da shi ake zuwa gonar gandu mai nisa da gari, da shi ake kai gyaɗa kasuwa. Ba a raba gado ba. Gona ɗaya ce, rumbu ɗaya, babur ma ɗaya.

Sai ga zamanin jam'iyyu. Soja suka sassauta, kowa ya samu bakin magana, Faruku ƙanen Ilyasu kuwa ya samu fiye da rabonsa. Samari kan yi jerin gwano a kan babura daga gari zuwa gari da tutoci, shi kuma kullum yana can wutsiya yana shan ƙurar mutane. Abin ya tsaya masa a rai. Ranar kasuwar Cadawa ya kai babur wurin Sajo bakanike ya ce a ƙara masa gudu. Sajo ya sauya buji, ya goge fulatin da ke ba da wuta, ya juya farantinsu yadda wutar za ta riƙa kamawa da wuri. Da ya gama ya ja masa kunne: daga yau sai an taka kik da ƙarfi har ƙasa, duk wanda ya yi masa rabi, zai dawo ya harbe shi. Faruku ya ce ya ji. Ya dawo gida ya yi gum, don ya san yayansa ba zai yarda a taɓa injin ba.

A makon nan ruwan farko ya sauka, mai yawa kuwa, bayan an daɗe ana ɗaga kai sama. Ƙasar Gangara rairayi ce, laima ba ta jiran kowa. Wanda bai zuba iri da ɗuminta ba, sai ya jira wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa. Da sassafe Ilyasu ya ɗaure buhun irin gero da sungumi a bayan babur, matarsa Basira na tsaye da ƙoƙon iri tana jiran ta hau. Ya yi bisimilla, ya danna rabi kamar yadda ubansa ya koya masa.

Kik ɗin ya dawo kamar jaki ya yi harbi. Basira ta ji ƙarar ƙashin kafin ta ji ihun mijinta.

Kafin hantsi mai ɗori ya ɗaure idon sawun da karare, ya ce ba takawa sai bayan wata guda. Ilyasu na kwance a zaure, zafin ƙafa daban, zafin zuciya daban, ga Faruku tsaye a bakin ƙofa da hular jam'iyya.

"Mi ka yi ma babur ɗin baba?" in ji Ilyasu.

"Gyara na sa aka yi mashi, Yaya. Wuta aka ƙara."

"Gyara! Shi ya ce maka ba shi da lahiya? Kuma bakinka ciwo yake da ba za ka hwaɗa mani ba?"

"Na san hwaɗa za ka yi."

"To ga shi ban yi hwaɗa ba, na yi karaya. Ɗauki sungumi ka bi Basira gona. Laima ba ta kai gobe."

Faruku ya sosa ƙeya. Ya ce yau ne babban taron parti a Gazawa, an riga an sa shi riƙe tuta, in bai je ba an ci mutuncinsa. Ya ce gobe da asuba zai yi shuka, wallahi. Kunya ba ta hana shi fita ba. Ilyasu na ji ya taka kik da ƙarfi har ƙasa, babur ya tashi da wata ƙara da bai taɓa yi ba a gidan. Ashe ya iya.

Ilyasu bai yarda ya kwanta ba. Ya sa aka aza shi a amalanken maƙwabci, jaki ya ja su zuwa gona, kowace gargada na shiga masa har ƙwaƙwalwa. Babu wanda za a roƙa, kowane gida na kan tasa shukar, samarin kuma sun bi tuta. Basira ta ɗauki sungumin da ba aikinta ba ne, ta sara layi, ta koma ta zuba iri ta rufe da diddige, aikin mutum biyu ita kaɗai. Shi kuwa yana zaune a inuwar gawo yana kallon ƙasa na komawa fari daga sama. Takaici ya sa har hawaye suka zubo masa, ya share da sauri kada ta gani.

Da la'asar jerin gwanon ya biyo ta hanyar da ta ratsa gefen gonar. Babur ɗin Malam Chindo ne a gaba, ya ba na biyu rata mai yawa, tuta na kaɗawa. Faruku ya ɗaga musu hannu. Basira ba ta ko ɗago ba.

Washegari Faruku ya cika alkawari, ya je gona da sungumi. Ya sara, rairayi busasshe ya zubo ya cike ramin. Ya sake sarawa, haka. Abin da Basira ta shuka bai wuce kusurwa ɗaya ba, kuma sama ta yi tas, ko ɗigon girgije babu.

Ya dawo ya durƙusa a zaure. Ilyasu bai ɗaga murya ba, ya riga ya aika an kira kawunsu da liman, suna zaune.

"Ku shaida," ya ce, "yau na raba gandu. Babur nashi ne, da wutar da ya ƙara mashi. Inda Basira ta shuka namu ne."

"Yaya, ni da iyalina mi za mu ci bana?"

Ilyasu ya jawo ƙafarsa mai karare da hannu biyu ya gyara mata zama.

"Ka tambayi masu tuta," ya ce. "Kai ne na gabansu."