Haƙoran Yaya Odell

Kun gan ta, kada ku ce ba ku gani ba. A coci kun ga Vernice Tolliver tana kife wayarta duk sanda ta yi ƙara, kuka kau da kai kuka ci gaba da waƙa.

Bankunan da suka ba ta katin bashi ne ke kiranta. Da katunan nan ta yi jinyar mijinta, da su ta binne shi, kuɗin ruwa kuwa ya yi ta haihuwa, har albashinta na dafa wa 'yan makaranta abinci a birnin Memphis na Amurka ya kasa. Da tura ta kai bango ta yanke ta kai kanta kotu, a tabbatar da karayar arzikinta, a yafe bashin. Amma kafin nan sai da ta ɗauki rarar harajin da gwamnati ta mayar mata, ta biya yayanta Odell dala dubu biyun da ya ranta mata, don kada sunansa ya shiga kotu.

Lauyarta ta dafe kai. "Baiwar Allah, ai ke kika jefa shi ciki. Duk ɗan'uwan da kika biya a shekarar nan, wakilin kotu na iya karɓe kuɗin ya raba wa masu katin. A wurin doka kin yi son kai."

Ku ji fa. Riƙon zumunci ne son kai.

Ranar Asabar ta soya tarwaɗa ta kai masa. Odell, tsohon direban bas, yana zaune a barandarsa.

"Auta, kifi ba Kirsimeti ba? Wa kika kashe?"

Ta zauna a matakala, ta ba shi baya, ta faɗa masa komai. "Na fasa zuwa kotun, Yaya. Gara su yi ta kirana har in mutu da a taɓa ka."

Ya ce, "Juyo. Kin san me na yi da kuɗin?"

Ya washe baki. Haƙoran roba ne sababbi fil, farare tas, sun ɗan yi masa yawa.

"Ga dukiyar bankin nan. Su zo su cira, amma su sani tana cizo."

Ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Ya sauko da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya zauna kusa da ita.

"Idan suka ce ka biya fa?"

"Sai in biya kaɗan-kaɗan, fansho bai mutu ba. Abin da ya ɓata min rai, ke kaɗai kika ɗauki kayan nan, ina raye. Kotu za ki je. Ni ma zan sa kwat in raka ki, in yi wa wakilin murmushi da kayansa." Ya jawo kwanon. "Kin sa yaji kuwa, ko shi ma sun karɓe?"

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Wayar ta yi ƙara a jaka, ba wanda ya motsa.

Ba kowa ke da Odell ba. Akwai wanda kuka sani ya daina ɗaga waya, ya rame, yana cewa lafiya lau. Ku tashi yau ku buga ƙofarsa, ku tambaye shi, ku raka shi wurin lauya tun kafin ya biya kowa.