Hantsakin Mai Agogo

"Riƙe masa kunnen da kyau, Likita. Idan ya girgiza kai, aikinmu ya ɓaci."

Likita ta durƙusa a bakin ƙofar tsohon, ta tallafe kan karen da hannu biyu. Mai Agogo ya maƙala gilashinsa na aiki a ido ɗaya, ya runtse ɗayan, ya kai bakin hantsaki can gindin kaskar, dab da fata. Bai murɗa ba, bai fizga ba. Ya ja a miƙe, a hankali, yana riƙe da numfashi. Kaskar ta fito, ƙafafunta na motsi a iska.

"Ga ta, da kanta da komai," ya ce.

Ta buɗe 'yar kwalbar sifirit, ya jefa ta ciki. Ta goge wurin cizon da auduga, karen ya yi atishawa ya lashi gwiwar maigidansa.

"Saura tsakanin yatsu, Baba. Da hammata, da gindin wutsiya."

"Na sani, ranki ya daɗe. Ɗalibinki ba daƙiƙi ba ne."

Gidan haya ne mai ɗakuna shida a jere, famfo guda a tsakiya. Likita da mahaifiyarta suna ɗaki na uku, Mai Agogo na huɗu, shi da karensa Daƙiƙa da agogo goma sha ɗaya da aka kawo masa gyara, masu su ba su dawo sun karɓa ba. A bayan gidan akwai wani fegi da ba a gina ba, ciyawa ta kai ƙugu. Can Daƙiƙa yake zuwa yawo, can yake kwaso kaska, can kuma tsohon yake kutsawa ya fito da shi idan ya ƙi jin kira.

Farkon saninsu da faɗa ne. Ta fito da farar rigarta za ta asibitin dabbobi inda take aiki, ta tarar da shi yana kai wa kaska ashana mai wuta a wuyan karen.

"Baba, daina!" ta ce, ko gaisuwa babu. "In ka ƙona ta, ko ka zuba mata kananzir, ko ka matse cikinta, aman abin da ke cikinta za ta yi a jinin karen. Cutar ke nan kake ɗura masa da hannunka."

Ta tsaya tana jiran ya ce yarinyar jiya za ta koya masa duniya. Sai ya hure ashanar.

"To da me ake cirewa?"

"Da hantsaki mai siririn baki."

Ya yi dariya har da tari, ya shiga ɗaki ya jawo aljihun teburinsa. Hantsakai ne a jere a kan ƙyalle, manya da ƙanana, suna ƙyalli.

"Shekara arba'in ina tsintar abin da ido ba ya gani," ya ce. "Zaɓi wanda ya yi miki."

Tun ranar, kowace safiya kafin ta tafi aiki sai sun duba Daƙiƙa tare. A gidan kaf shi kaɗai ne yake ce mata Likita bai ƙara komai a kai ba. Sauran sun bi bakin Tela, mai keken ɗinki a ɗakin bakin ƙofa. Ranar da ta dawo da takardar shaidar karatunta, a gaban mutane ya ɗaga kai daga kan keke ya ce, "Shekara huɗu a makaranta, a ƙare a gindin wutsiya. Sannu da zuwa, Likitar Kare." Aka kwashe da dariya. Ba ta yi kuka ba, ba ta rama ba. Ta ɗaga kai ta wuce, kuma shekara biyu ke nan ko kallon inda yake ba ta ƙara yi ba.

"Ke dai wuyanki kamar an sa masa ƙarfe," Mama takan ce. "Mutum ya yi wasa sau ɗaya, kin riƙe shi kamar gado."

"Ba wasa ya yi ba, Mama."

"To ni me na yi miki? Tun da kika dawo ko kitso ba ki zauna na yi miki ba."

"Ina gyara kaina da kaina."

Da safen nan, bayan sun wanke hannu da sabulu a famfo, ta lura tsohon yana dafa bango.

"Baba, lafiya?"

"Ɗan zazzaɓi ne. Sauro ya yi mini sallama."

Kowa a gidan ya ce maleriya ce. Aka sayo magani a kemis, ya sha kwana uku. Zazzaɓin ya sauka da safe, ya dawo da yamma da ciwon kai mai sara. Rana ta huɗu ta kai masa shayi, ta same shi a kan kujera da bargo, Daƙiƙa kwance a ƙafarsa. Wani abu ya ɗarsu a ranta.

"Baba, kana duba jikinka in ka fito daga ciyawar nan? Na gaya maka ba kare kaɗai suke ci ba."

"Na duba ƙafa, na duba ciki, na duba hammata. Tas."

"Baya fa?"

Ya yi murmushi, ya juya kofin a hannunsa.

"Bayana? Tun da aka haife ni ban taɓa ganinsa ba. Marigayiya ce take duba mini. Ko ƙurji ne ya fito, ita za ta fara sani kafin ni. Takan ce, 'Juya, malam, in ga abin da ka kwaso.' Shekara shida ke nan ba wanda ya ce in juya."

Ya kai hannu ya shafa kan karen. Matarsa ce ta tsinto shi yana kwikwiyo, watanni kaɗan kafin ta kwanta ciwon ajali.

Likita ta tsaya da farantin a hannu. Ba za ta ce wa dattijo sa'an ubanta ya tuɓe riga a gabanta ba, shi ma ba zai yarda ba. Namiji ake so ya duba. Da rana kuwa duk mazan gidan suna wurin aiki, sai mutum ɗaya. Daga inda take tana jin ƙarar kekensa.

Ta fito, ta yi taku biyar wajen ɗakin bakin ƙofa. Tana jin Tela yana ba wani labari yana dariya. Ta riga ta ji abin da zai ce: yau kuma Likitar Kare ta koma duba mutane? Ta tsaya. Maleriya ce, ta gaya wa kanta, kowa ya ce maleriya ce. Ta juya ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Rana ta tara, da hantsi, ranar hutunta, tana shanya ta ji haushin Daƙiƙa, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Mai Agogo ya lallaɓo zai ɗebi ruwa, ya yanke jiki ya faɗi a gindin famfo. Kafin ta isa Tela ya riga ta, awon ɗinki na rataye a wuyansa. Ya ɗaga tsohon kamar buhun auduga, ya kai shi kan gado, ya shiga cire masa jiƙaƙƙiyar rigar.

"Subhanallahi," ya ce. "Mene ne wannan?"

A tsakanin kafaɗun tsohon, ƙasa da ƙeya, akwai wani baƙin ɓawon miki kamar an ɗiga masa wutar sigari, kewayensa ja. Kusa da shi wata kaska ce maƙale, ta ƙoshi ta yi furfura-furfura kamar ƙwayar wake. Wuyan hannunsa da ƙirjinsa duk ƙananan jajayen ɗigo.

Tela ya kai farce zai tsinke ta.

"Kar ka taɓa!" Muryarta ta fito da ƙarfin da ya sa ya janye hannu. Ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko hantsakin. Sai ta kalli Tela ido cikin ido, karo na farko cikin shekara biyu.

"Riƙe masa kafaɗa da kyau."

Ya riƙe. Ta kai bakin hantsaki dab da fata, ta ja a miƙe. Ta jefa kaskar a wata kwalbar daban, ta goge wurin, ta ce, "Nemo mota."

A asibiti likitan da suka tarar matashi ne, idonsa ja don gajiya.

"Ke 'yarsa ce?"

"Maƙwabciyarsa ce."

"Zazzaɓi ne ko? Za mu gwada maleriya."

"Ku gwada. Amma ya sha maganinta bai ji sauƙi ba." Ta ajiye kwalbar a kan teburinsa. "Wannan na cire a bayansa yanzu. Akwai wata da ta riga ta ci ta faɗi, ta bar baƙin miki."

"Ma'aikaciyar lafiya ce ke?"

"Ta dabbobi."

Ta ga gefen bakinsa ya motsa. Ba ta sauke ido ba.

"Ka yi dariyar daga baya, likita. Yanzu ka juya shi ka duba."

Ya tashi ya juya tsohon. Ya daɗe yana kallon mikin, ya ɗaga wuyan hannun ya duba ɗigon. Da ya ɗago babu sauran murmushi. Ya kira ma'aikaciyar jinya, ya rubuta wani magani, ya ce a fara yanzu-yanzu.

"Kwana nawa da fara zazzaɓin?"

"Tara."

Ya rubuta, ya girgiza kai. Ta fahimci an makara.

Kwana uku tana zuwa daga wurin aiki kai tsaye, da farar rigarta. A rana ta biyu da la'asar ya buɗe ido ya gane ta. Leɓɓansa sun bushe, muryarsa kamar ta fito daga rijiya.

"Likita. Kin duba masa tsakanin yatsu?"

"Na duba, Baba. Biyu na samu."

"Tawa fa? Tela ya ce ke kika cire."

"Ni ce."

"Ta fito da kai?"

"Da kanta da komai."

"Madalla. Hannunki ya faɗa."

Ta matso da kujera.

"Baba, ranar da na kawo maka shayi, na yi niyyar in kira Tela ya duba ka. Har na kama hanya. Sai na fasa, don kar ya yi mini dariya."

Ya lumshe ido har ta ɗauka barci ya koma. Sannan ya motsa yatsunsa a kan zanen gadon, ta sa hannunta a ciki.

"Ni ma da bakina, 'yata. Taku nawa ne daga ɗakina zuwa nasa? Ban so wani ya ce in juya ba, in ba marigayiya ba." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Agogon bangon nan, mai katako. Nata ne. Duk kwana bakwai ake murɗa masa makulli. Kar ki cika murɗawa, in kin ji ya yi tauri ki tsaya."

Washegari da azahar ya cika. Ƙodarsa ce ta gaza, in ji likitan, maganin bai same shi da sauran ƙarfi ba.

Danginsa suka zo daga nesa, suka yi abin da ake yi, suka kwashe gado da tebur da kayan sawa. Karen kuwa kowa ya kau da kai. Likita ta ce nata ne, ta kuma faɗa da muryar da ba wanda ya yi musu. Agogon bangon da hantsaki ɗaya ta roƙa, aka ba ta. Sauran agogunan goma sha ɗaya suna cikin kwali a ɗakin da aka kulle, kafin a zo ɗaukarsu. Idan ta wuce ta taga takan ji su suna tafiya, kullum sautin na raguwa. Ran kwana na shida ba ta ji komai ba.

Daƙiƙa ya ƙi kwana a ƙofarsu. Ya ci abinci a wurinta, ya koma ya kwanta a bakin ɗaki na huɗu, hancinsa a ƙarƙashin ƙofa.

Wata safiya ta ji sara a bayan gida. Ta leƙa, ta ga Tela da adda a cikin fegin, ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa kamar yadda ta taɓa gaya wa tsohon ya riƙa yi. Ya share fiye da rabi. Ta ɗebo ruwa a kofi ta kai masa.

"Sannu da aiki."

Ya karɓa, ya shanye, ya goge baki da bayan hannu.

"Yawwa. Sannu, Likita."

"In ka gama, ka sa wani ya duba maka baya."

"Matata na jira da fitilar waya," ya ce. "Tun ranar nan kullum sai ta juya ni kamar rigar da aka kawo gyara."

Ta koma ciki. Ta durƙusa a bakin ɗaki na huɗu, ta duba kunnuwan Daƙiƙa, da yatsu, da hammata, da gindin wutsiya. Ba wanda zai riƙe masa kai, amma bai motsa ba. Ta wanke hannu, ta shiga ɗakinsu. Mama na zaune a bakin gado tana ninke kaya.

"Mama, juya."

"In juya in yi me?"

"Ke dai juya."

Ta ɗaga mata ɗankwali, ta duba ƙeya da bayan kunne, ta ja wuyan rigar ta duba tsakanin kafaɗu. Ba komai sai fatar da ta fara tattarewa, da wani tsohon tabo da ba ta taɓa sanin yana nan ba. Ta mayar da ɗankwalin, ta miƙe za ta ɗauki jakarta.

Mama ta riƙo gefen farar rigar.

"Ke fa? Ke da kike wuni cikin dabbobi?"

Likita ta tsaya. Ta kalli ƙofa, ta kalli jakar. Sannan ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin uwar, ta sunkuyar da kai. Yatsun Mama suka shiga gashinta, suna rabawa layi-layi, a hankali. A bango agogon katakon yana ta tafiya.