Kujera Ta Huɗu

"A nan dai ka rasu, Baba," in ji ma'aikaciyar asibitin, ta juyo masa da fuskar kwamfuta. "Ranar Talata."

Farfesa ya duba. Ga hotonsa, ga jan layi a kan sunansa. Ƙaninsa ne ya rasu ranar Talata, shi da ke kawo shi wankin ƙoda sau biyu a mako. Katin Farfesa aka tarar a aljihun mamacin, aka rufe fayil da shi. Bai ji haushi ba. Tun da aka binne ƙanin nan ba ya jin komai, ko ɗacin magani.

"To, ga ni," ya ce.

"Na gan ka. Amma sai wani naka ya sa hannu cewa kai ne. In ba haka ba, ƙarfe goma zan ba wani kujerarka."

Ƙafafunsa sun kumbura, da ƙyar takalmi ya shiga da safe.

Shekara talatin ya yi yana cika allo da ɗigo da kibiyoyi, yana gaya wa ɗalibai cewa ƙwayar zarra ba a sanin ta ita kaɗai, sai ta hulɗarta da sauran abubuwa. A goge kibiyoyin, ba abin da za a nuna a ce ga shi. Ɗalibai na hamma, shi kuwa baki har kunne. To, yau ga takarda, ga gurbin dangi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba.

"Wai me ake ja wa tsohon nan rai?"

Wata tela ce daga bayan layi, wadda ake kwantarwa a kujerar kusa da tasa. Shekara biyu tana gaishe shi, yana amsawa ta hanci daga bayan littafi.

"Na san shi sarai. Kujera ta huɗu. Minshari yake baki buɗe, in ya farka ya ce nazari yake."

"Mece ce ke a wurinsa?" in ji ma'aikaciyar.

"Ke dai rubuta ƙanwa. Inji ɗaya ya sha wanke jininmu."

Ta sa hannu. Jan layin ya ɓace.

A ɗakin wanki nas ta soka masa allura kamar kullum.

"Wash!" ya ce da ƙarfi, har littafin ya faɗi. Hawaye suka zubo, suka ƙi tsayawa.

Telar ko juyowa ba ta yi ba.

"Ashe dai da ranka, Yaya."