Sunan Dattijo a Jan Allo

Dattijo muke ce masa, don shi kaɗai ne mai furfura a ofishinmu. Shi ya rubuta tsohuwar manhajar kamfani, kuma ba wanda ya san cikinta sai shi. In ta sami tangarɗa, yakan buɗe ta tana kan aiki, ya taɓa layi biyu, ta tashi.

Sai Oga ya kawo sabon yaren rubuta manhaja, wanda ba ya yarda da irin wannan gyaran tsaye. In ka gama rubutu, dole ka miƙa wa kompaila, wani shirin kwamfuta mai bincike da harhaɗawa. Kuskure ɗaya tak, ya dawo maka da kayanka. Oga kuwa, mugun mutum, ya kafa ƙaton allo a bango: duk wanda aikinsa ya ƙi wucewa, sunansa ya fito ja wur.

"Dattijo, ka juya mana tsohuwar zuwa sabon yaren," in ji Oga. "In ka kasa, ka san hanya."

Kai, bawan Allah ya ga ta kansa! Kullum sunansa ne a allon. 'Yan ofis, marasa kunya, har tafi suke yi masa.

"Baba, yau ma kai ne gwarzo?"

Sai ya yi murmushi, ya gyara tabarau, ya koma karanta ƙorafin kompaila yana motsa baki kamar mai koyon karatu. Ni abin ya ƙona min rai, wallahi. Ya taɓa ce min, "Ɗana, abin nan bai da ladabi, amma fa ba ya ƙarya."

A hankali ya fara kama bakin zaren. Duk dabarun da ke kansa ya zazzage su cikin sabon rubutun, dalla-dalla, don yaren ba ya karɓar a-bar-shi-haka. Wata safiya allon ya yi kore. Dattijo ya miƙe tsaye, yana ta dube-dube ko wani ya gani.

Oga ya zo ya zauna a kujerarsa, ya karanta aikin tun daga sama har ƙasa.

"Madalla. Tsaf. Ka tattara kayanka, yau ka gama da mu."

"Ranka ya daɗe, ai yanzu na iya."

"Ka iya mana," in ji Oga, ko kallonsa bai yi ba. "A da kai kaɗai ke gane manhajar. Yanzu kowa zai iya karantawa."