Gali Ya Koma Jajaye

Damina ce ta jawo. Ruwa na sauka Turawa suka tafi hutun ƙwallo, suka bar Najmuddeen mai gidan kallo da rumfar kwano a bayan tashar Azare, da bencina, da janareta, da ƙaton farantin satalayit yana kallon sama ba aikin yi. Gidan kallo ba ƙwallo. Wata Lahadi bayan azahar yana ta latse-latsen rimot, sai ya faɗa kan tseren motoci: wasu 'yan abubuwa masu faffaɗan tayoyi, cikinsu na shafar ƙasa, kujera ɗaya tal, suna kuka kamar an ba sauro lasifika.

Direbobin tasha biyu ne suka shigo fakewa daga ruwa. Lahadin da ta biyo baya babu wurin zama.

Abin da ya fara ɗaure musu kai shi ne fasinja. Duk wannan man da ake ƙonawa, ba ko tsohuwa ɗaya da ƙullin kaya a baya? Babayo mai faci kuwa ya ga an canza wa mota tayoyi huɗu kafin ya sauke kofin shayi daga bakinsa, ya miƙe ya ce shi ba zai zauna a ci masa mutunci ba. Bai kai bakin titi ba ya dawo.

Da yake masu sharhin Turanci suke yi, kuma a guje, sai aka aiko mini. Na koyar da Turanci har aka sallame ni da fansho, kuma tun rasuwar matata Ruƙayyatu ba abin da ke magana a gidana sai rediyo. Aka ajiye mini kujerar roba a gaba na zama tafinta. Sunayen kulob-kulob ɗin suka gagari bakin jama'a, sai aka raɗa musu na gida bisa launin mota: Jajaye, Masu Shuɗi, 'Yan Azurfa.

Tseren kansa ba ya daɗewa, kuma ba kowace Lahadi ake yi ba. Abin da ke cike sauran kwanakin shi ne jita-jita. An ga direban wane yana cin abinci da maigidan wane. Wane ya tsufa, za a sauke shi. Wani attajiri zai shigo da sabon kulob baɗi, ya riga ya fara zawarcin direbobi. Mutanen tasha, waɗanda dama da jita-jita suke kashe lokaci tsakanin lodi da lodi, suka ga ashe Turawa ma 'yan'uwa ne. Har aka kai 'yan kamasho suna barin fasinja a tsaye da jaka suna musu a kan ko Jajaye za su kori direbansu na biyu. Wani ya rantse da kabarin kakansa a kan kwantiragin mutumin da bai san akwai Azare a duniya ba.

Wanda abin ya fi kamawa shi ne Gali, ƙanin marigayiya matata. Doguwar Fijo ta Alhaji Bunu yake ja, layin Kano. Ana yabonsa cewa in ka shiga motarsa da tuwo mai zafi za ka isa Kano bai huce ba. Abin da ba a ƙarawa shi ne ba kowa ke iya cin tuwon ba in an isa. Da wannan Fijo yake ciyar da matarsa Ummi da 'ya'yansu, ba shi da gona, ba shi da shago.

Ranar da abin ya faru, direban Masu Shuɗi ne ya ci tsere. Maigidansa ya rungume shi, aka ba shi kofi. Masu sharhi suka tuna wa duniya cewa wannan direban fa tuni ya sanar zai koma wani kulob baɗi. Na fassara.

Gali ya dafa kujerata ta baya. “Yaya Malam, maimaita.”

Na maimaita.

“Da bakinsa ya faɗa wa maigidan? Cewa baɗi zai tafi?”

“A gaban 'yan jarida.”

“Kuma bai karɓe makulli ba?”

“Ga shi kana gani yana sumbatar hularsa ta kwano.”

Gali ya juya ya dubi jama'a, idonsa na walƙiya. “Kun ga wayewa? Kun ga inda ake daraja direba?”

Na ce, “Can ma sai wanda ke ciyo kofi. Kai abin da ka ciyo wa Alhaji Bunu bana akuyar mutane ce a Wudil.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ƙanin mata abokin wasa ne, shi ya sa duk abin da na faɗa masa da gaske yake ɗauka raha.

A makon nan sai Azare ta samu tata jita-jitar. Wani ya ga tirela ta shiga gidan Alhaji Bappayo, babban ɗan kasuwar hatsi na Jama'are, ɗauke da kaya a lulluɓe da tampol. Iska ta ɗaga gefen tampol, an hango ja. Da safe motoci biyu ne. Kafin la'asar sun zama goma, sababbi fil, masu iyakwandishan, za a buɗe sabon layi daga Jama'are har Legas, direbobi kuma za a ɗinka musu riga iri ɗaya. Sabon kulob ya shigo. Ba wanda ya tsaya tambayar yadda motoci goma suka hau tirela ɗaya.

Sai kuma aka yi suna a unguwarsu Gali, Alhaji Bappayo ya zo. Yana fita ya riƙe hannun Gali a gaban mutane ya ce, “Gali, ina neman direba mai ƙarfin hannu. In na kira ka za ka zo?”

“A guje, Alhaji.”

Shi ke nan. Kafin a gama raba goro an riga an ba Gali mota ta ɗaya a Jajaye.

To, ga yadda ake barin maigida a tasharmu, tun kafin a haifi Gali. Direba ba ya faɗa da bakinsa. Yakan nemi dattijo ya ba shi makulli, dattijon ya je ya yi godiya, ya nemi afuwa, ya ajiye makullin a kan tabarma. Magana da makulli tare suke tafiya, rana ɗaya. Babu sanarwa, babu baɗi.

Gali ya sa sabuwar shadda ranar Juma'a, aka sauko daga masallaci ya nufi shagon Alhaji Bunu, rabin gidan kallo na biye da shi. Ni ma na bi, don mutum ba ya ƙin kallon abin da ya san ƙarshensa. Alhaji Bunu mutumin Borno ne, dogo, ba ya son yawan magana. Yana zaune a kan buhun wake yana jan carbi.

Gali ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya miƙe ya gyara murya. “Ranka ya daɗe, na zo in sanar da kai cikin girmamawa. Baɗi in Allah ya kai mu zan koma wajen Alhaji Bappayo. Amma daga nan har ƙarshen shekara ina tare da kai, zan ba ka duk ƙarfina.”

Wani a baya ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya daina.

Alhaji Bunu ya ƙarasa zagayen carbinsa. “Baɗi?”

“Baɗi, Alhaji.”

“Madalla. Allah ya sa alheri.” Ya miƙa tafin hannu.

Gali ya zaci musafaha ce, ya kama hannun da hannu biyu.

“Makullin, Gali.”

“A'a Alhaji, ba ka gane ba. Ai a Turai...”

“Ni ban je ba. Wanda zuciyarsa ke Jama'are ba zai ja mini mota zuwa Kano ba. Kawo.”

Abin da ya biyo baya ko masu sharhin Turawa ba su taɓa ganin irinsa ba. Kujerar Gali ita ce ta fi kowace daraja a tasha, tana faɗuwa fanko gari ya motsa. Wani direba, Muslim, ya bar tsohuwar bas ɗinsa ya karɓi Fijo tun kafin magariba. Bas ɗin ta koma hannun ƙanin shugaban tasha, wanda ya bar akori-kurar Gamawa. Akori-kura ta samu wani da ke jan motar burodi, motar burodi ta ɗauki wani ɗan acaba, babur ɗin kuma Babayo mai faci ya karɓa wa surukinsa. Dattawa suka wuni suna zirga-zirga da makullai a aljihu kamar masu rabon katin biki. A gidan kallo ba a ko kunna janareta ba, jama'a suka cika suna ihu duk lokacin da sabon labari ya iso. Najmuddeen ya ce tunda ya buɗe wurin bai taɓa ganin kakar canjin direbobi mai daɗin wannan ba.

Gali ya zauna a gida yana jiran kira daga Jama'are. Kira bai zo ba.

Ummi ce ta zo, ta same ni ina shara. Ta gaishe ni ta zauna a bakin ƙofa. “Malam, kai da ka yi karatu, don Allah mene ne baɗi? Na duba buhu na duba tukunya, ban ga inda ake dafa shi ba.”

Na sa babbar riga na ja Gali muka koma wajen Alhaji Bunu ban haƙuri, wannan karon bisa al'ada: ni ke magana, shi kuma ya sunkuyar da kai. Alhaji ya saurara har na gama.

“Malam, don girmanka da na mayar masa. To amma in na karɓa daga Muslim, sai Muslim ya koma bas. Mai bas ya koma akori-kura. Mai akori-kura ya koma burodi. So kake in warware garin nan gaba ɗaya kamar tsohuwar hula saboda Gali ya kalli talabijin?”

Saura Jama'are.

Motar da ke kan layi a ranar, don Allah ya cika mana darasi, Fijon ce. Muslim ya buɗe wa Gali ƙofar baya da ladabin ƙarya. “Zakara, bismilla. Tsakiya ce ta rage, ka yi haƙuri da kajin Hajiya.” Ya riƙa tafiya a hankali da gangan, yana leƙen madubi. “Gudun ya yi, ko in rage? Ka san mu ƙananan kulob ne.” Da muka isa bai wuce Kano ba, ya kashe mota ya biyo mu, fasinjoji ma suka biyo.

Alhaji Bappayo ya tarbe mu da murna. “Gali! Ai ina ta shirin aikowa, sai aka ce mini kana da aiki har baɗi.” Ya ja mu bayan gida. Ga tampol nan, tudu ɗaya. Ya kama gefe ya yaye.

Tarakta ce. Ja wur, sabuwa, da garmarta a baya.

“Ta gonata ce ta Bulkachuwa. Ciyawa ta kusa cinye ni.”

Gali ya zagaya ta. Ya leƙa bayanta ko sauran taran suna can. Muryarsa ta fito 'yar ƙarama. “Alhaji, nawa take gudu?”

“Gudu? Ina za ta?”

Muslim ya zauna a ƙasa don dariya, hularsa ta faɗi. Hajiya mai kaji ta ce ita dai an ɓata mata lokaci amma ba ta yi asara ba. Na dubi Gali na ga yana kallon makullin da ke hannun Alhaji Bappayo, na san tukunyar Ummi yake gani. Babu wata kujera da ta rage a ƙasar Katagum sai wannan.

Ya taka ya hau. Ya zauna, ya kama sitiyari. Sai na ga kafaɗunsa suna miƙewa.

“Yaya Malam. Kujera nawa gare ta?”

“Ɗaya.”

“Fasinja fa?”

“Babu.”

“Tayoyi a ciki suke ko a waje?”

“A waje. Faffaɗa.”

“Rufi?”

“Babu rufi.”

Ya juya ya nuna Muslim da yatsa. “Kai ɗan ɗaukar kaji, faɗa wa jama'a launinta!”

Ya miƙa hannu, Alhaji Bappayo ya saka masa makulli. Injin ya tashi da ƙara har tantabaru suka watse.

Lahadin nan da ya shigo gidan kallo, laka har gwiwa, bencina suka miƙe tsaye. “Direban Jajaye! Direban Jajaye!” Babayo mai faci ya ɗaga masa hannu sama kamar wanda ya ci dambe. Kafin a tashi wani ya ce ya ji daga majiya mai tushe cewa wani manomi a Gamawa zai sayo tarakta shuɗiya, kuma idonsa na kan Gali. Aka juyo ana tambayarsa: baɗi fa? Gali ya cusa makullin can cikin aljihun wando ya dafe da hannu. Ya ce bai san wata kalma wai ita baɗi ba.

Bayan kwanaki na bi hanyar Bulkachuwa a kan kekena, sai na hango shi gaba, yana tafe fat-fat-fat, hayaƙi na tashi, wata saniya na tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi ba ta ko haki. Ruƙayyatu ta yi shekaru tana roƙon Allah bayan kowace salla ya rage wa ƙaninta gudu. An amsa mata, sai dai an bari ta tafi tukuna.

Na kaɗa ƙararrawa na wuce shi ta dama.

“Yaya Malam!” ya ƙwala daga sama. “Wannan wucewar haramtacciya ce! Zan kai ƙara!”

Ban waiwaya ba. Na ƙara taka feda.