Lado da Biran Kurmin Kanya

A Rafin Kanya, wani ƙauye da ke bayan duwatsun Dutse, babu mai lambu kamar Lado, babu kuma mai ƙorafi kamarsa. Gwandarsa da gwaibarsa har daga Limawa 'yan sari ke zuwa nema, sai dai kafin su iso birai sun riga sun ɗanɗana. Daga kurmin da ke saman ƙauyen suke gangarowa, su zaɓi nunanna, su gatsa, su yar, su zaɓi wata.

Ranar da ya tarar da gwandar da yake ta lallaɓawa a ƙasa, an rarake cikinta, ko gida bai biya ba ya wuce wurin Baba Sale mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, a sare kurmin nan kowa ya huta."

Baba Sale ya dube shi ta saman tabarau. "Da wane ruwa kake ban-ruwa, Lado?"

"Da na rafi mana."

"Rafin daga ina yake fitowa?"

"Daga marmaro."

"To marmaron a inuwar kurmin yake kwance. Tun kakanninmu ba a shiga da gatari, ba a shiga da wuta. Ko Fulani a ƙasa suke shayar da shanunsu. Ka je ka yi haƙuri da maƙwabtanka."

Lado ya fito yana ƙunƙuni. An hana gatari, an hana wuta, amma ai ba a hana garwa ba. Washegari da hantsi ya ɗauki tsohuwar garwa da muciyar matarsa Mu'minatu.

"Malam, ina za ka kai mini muciya?"

"Yaƙi za ni."

"Allah ya ba da sa'a. Ka dai dawo mini da ita, tuwo zan tuƙa."

Rabonsa da kurmin tun yana yaro. Ya kutsa yana dukan garwa yana ihu, zabin daji suka watse, wata gada ta yi tsalle ta ɓace. Su kuwa biran da aka zo dominsu, sai suka jeru a reshen ɓaure suna kallonsa kamar an kawo musu makaɗi. Wani ma har gyaɗa kai yake. Lado ya ƙara ƙaimi, yana duka yana ja da baya don ya hango su sosai, bai ankara ba santsin dutse ya kwashe shi, sai ji kake tsundum a cikin marmaro.

Ana tsakiyar bazara, amma sanyin ruwan sai da ya ɗauke masa numfashi. Ya zauna a ciki har ƙirji, garwa na yawo a gefensa. Da hankalinsa ya dawo sai ya ga inda ruwan ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau, saiwoyin kanya da na ɗinya sun rungume bakin wurin. Ƙananan kifaye suka zo suna tsattsagar yatsunsa. Ya tuna wannan ɗan ruwan ne ke bi ta lambunsa, ya wuce fadamar masu albasa, ya shayar da shanu, ya je ya haɗu da babban kogi can ƙasa. Yana cikin wannan tunani wani biri ya sako masa ɓaure a tsakar ka.

Ya koma gida a jiƙe, babu muciya. Mu'minatu ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Tun da ba su koruwa, ka dasa musu nasu a bakin kurmi mana, ko sa bar maka naka."

Haka aka yi. Da damina ta faɗi ya dasa gwaiba da ɓaure da ɗinya a gefen kurmin, mutanen gari suka sa masa suna Manomin Birai. Da itatuwan suka fara 'ya'ya, biran suka yi murna ƙwarai: su karya kumallo a gonarsu, su zo cin abincin rana a lambun Lado. Ɓarnar dai ta ragu, kurmin kuma ya ƙara faɗi.

Bayan wasu shekaru aka yi wata bazara mai tsanani. Rafin wani ƙauye da ke gaba, wanda masu gawayi suka cinye kurminsa, ya ƙafe ƙaf, na Rafin Kanya kuwa bai fasa gudu ba. Wani dattijon ƙauyen, Malam Misbahu, ya zo da jakuna neman ruwa, ya tarar da Lado a lambu. Lado ya taya shi cika jarkoki, yana yi yana wa'azi.

"Ai kurmi ba abin taɓawa ba ne, Malam. Ni kullum abin da nake faɗa wa mutanenmu ke nan."

Mu'minatu, da ta kawo masa fura, ta yi wani tari mai tsawo. Lado ya yi kamar bai ji ba. Ya haƙo dashen ɓaure da na kanya ya ɗaura wa baƙon a bayan jaki, ya ce a dasa su kewaye da idon ruwansu, a kuma hana gatari.

Malam Misbahu ya yi ta godiya. Har ya kora jakunansa Lado ya ɗaga murya.

"Af, Malam! In itatuwan sun girma ka aiko, akwai birai. Kyauta zan ba ku, har gida zan kai muku."